Takalmin Injiniya a Kicin ɗin Inna

Injiniya ake ce masa a unguwa, ko da yake bai taɓa leƙa jami'a ba. Mai gyaran wutar lantarki ne, gajere, mai sanƙo, kullum abin gwada wuta na maƙale a aljihunsa kamar biro. Ba shi da hayaniya. Abu ɗaya ke haɗa shi da matan gida, wato takalminsa.

Wani ƙaton takalmi ne mai kaurin roba a ƙasa, muni kam ba a magana. Duk gidan da aka kira shi aiki, sai ya goge shi tas da tsumma a bakin ƙofa, ya yi sallama, ya shige da abinsa har kan kafet. In uwar gida ta ɓata rai, sai ya buɗe mata tafin hannunsa ta ga tabo. Tun yana koyon aiki ya same shi, ranar da ya ji nauyin wani falo mai kyau ya shiga ba takalmi, wuta ta ja shi ta maka da bango.

"Hajiya, ki yi haƙuri," yakan ce. "Kafet ana wankewa. Ni in na tafi, na tafi ke nan."

Abin dariya, a gidansa ya fi kowa tsanani. Yaro ya kuskura ya shiga ɗaki da silifas, ranar zai sha wa'azi. Matarsa takan ce, "Ka gama take ɗakunan mutane, ka dawo ka hana mu sakat."

Gida ɗaya ne takalmin bai taɓa shiga ba, gidan surukarsa, wadda yake kira Inna. Tsabtarta har ta yi yawa, likita ma ta taɓa mayar da shi bakin ƙofa ya cire nasa. Injiniya kuwa tun yana neman aure yake cirewa daga ƙofar waje, har gashin kansa ya ƙare bai fasa ba. Yana ganin girmanta ƙwarai, domin ita ta tsaya masa lokacin da dangi ke cewa ba za a ba mai hawa tsani 'ya ba.

Ran nan da hantsi aka aiko cewa firjin Inna yana jan mutane. Ya je, ya ajiye takalmi inda ya saba, ya gaishe ta, ya wuce kicin. Ƙanƙarar firjin ta narke ta jiƙa ƙasa, soket ya yi baƙi. Ya kashe wutar gidan gaba ɗaya, ya sa abin gwaji, sai ya ga ya kawo ja. Tsohon wayarin ne, wuta na shigowa ta wata hanya, kuma sai ya buɗe soket ɗin zai gane ta.

Ya tsaya da safa a bakin ruwan, tsoro ya kama shi. Ya san abin da yake gaya wa matan mutane. Amma ya tako ɗakin Inna da wannan takalmi? Kunya ta rinjaye shi, ya ciro sukudireba.

"Dakata," in ji Inna daga bayansa.

Ta fita a hankali, tana dafa bango. Da ta dawo, takalman ne a hannunta.

"Inna, don Allah ki ajiye!" Ji ya yi kamar ƙasa ta tsage ya shige.

"Ajiyewa zan yi, a gabanka. Ka ɗauka ban san labarin hannun nan ba? Saka."

"Ɗakinki fa, Inna."

"Ɗakina ne, ni nake gogewa. Jikokina kuwa ba ni da inda zan samo musu wani uban."

Ya saka, kansa a sunkuye. Ta ja kujera ta zauna daga nesa, ba ta ɗauke ido daga kansa ba har ya gano wayar, ya yanke, ya naɗe, ya mayar da wutar gidan, firji ya tashi lafiya.

Da ya waiwaya, sawun takalmi ya ɓata kicin ɗin, baƙi ƙirin, tun daga soket har ƙofa. Ya ciro tsummansa zai durƙusa, Inna ta karɓe.

"Bar mini shi," ta ce. "Wannan sawun ba ya ɓata mini rai. Mai shi da ƙafarsa zai koma gida."