Murfin Hazzan a Ɗakin Mai Takaba

Har gobe ban manta da ranar da aka tare mana ƙofa a unguwar Uhudu ba, ni da injiniya, ga umarnin alƙali a hannuna. A ƙarshen shekarun 1990 ne, ana tsakiyar zafi. Lokacin ni magatakarda ne a kwamitin duba na mahkama, wato kotu, a nan Madina, wanda ake kira hai'atun nazar.

Bari in yi wa sababbinku a wannan aiki bayani. Idan aka kawo ƙara kan gini ko iyaka ko ruwa, alƙali ba ya shiga sauraron hujja sai an ga abin da ido. Zai rubuto mana, mu je, mu duba, mu rubuta abin da muka gani, a karanta wa kowane ɓangare. Bayan nan a yi jalsa, wato zaman shari'a. Wanda ya hana mu shiga, ya tsayar da shari'a ke nan.

Mai ƙara Salihu ne, mai shagon dabino a kusa da dutsen Uhudu. Bangon gidansa ya jiƙe daga ƙasa har ya tsage, a jikinsa kuma 'ya'yansa ke kwana. Ya ce ruwan daga hazzan ɗin maƙwabcinsa Malam Haruna yake, wato ramin siminti da ake tara ruwan gida a ƙarƙashin ƙasa. Kafin a kai ga dubawa Malam Haruna ya rasu. Ƙara ta koma kan magada, babban ɗansa Faisal ya zama wakili. Dukansu irinmu ne, jikokin alhazan da suka zo suka zauna.

Faisal ne ya tare ƙofar. Na yi masa Hausa, ya amsa da Larabci kamar yadda yaranmu suka saba: "Ma yisir, ya ammi." Ba za ta yiwu ba. Mahaifiyarsa, Hajiya Kande, tana takaba, murfin hazzan kuma a cikin ɗakinta yake, domin marigayi ya gina ɗakin ne a kan tsohon tsakar gida. Muka juya. Muka sake zuwa, haka.

A gaban alƙali Salihu ya ɗaga murya. "Ya Shehi, takaba ake yi ko siminti ake jira ya bushe? Da idona na ga buhuna a ƙofarsu!"

"Shinkafar masu ta'aziyya ce," in ji Faisal. "Ka ci ma."

Salihu ya nemi ya shiga da kansa, da mai ɗaukar hoto, a duba hazzan da banɗaki da kicin. Faisal ya ce kowa ya jira mahaifiyarsa ta fita takaba, saura watanni. Alƙali ya ce shari'a ba ta hana mai takaba komawa wani ɗaki a gidanta ba, bango kuma ba zai jira ba. Ko a buɗe, ko a je da 'yan sanda, a kuma ɗauki ƙin buɗewar hujja a kan magada.

Na san abin da wannan zai haifar. Ranar da 'yan sanda suka shiga kan tsohuwa mai takaba, gidajen nan biyu sun rabu har jikoki. Na miƙe na roƙi a ba ni zuwa jalsa ta gaba.

Alƙali ya dube ni ta saman gilashi. "Usman, ba sulhu na aike ka ba. Dubawa."

"Dubawar zan kawo, ya Shehi."

Da farko na nemi a yi wa dubawar iyaka a rubuce: hazzan kawai, domin shi ke cikin ƙara, mutum biyu kawai, ni da injiniya, babu hoto, Salihu ya tsaya a waje, a karanta masa, in yana da ja ya faɗa a jalsa. Alƙali ya sa hannu. A bakin ƙofa Salihu ya ce mini, "Ai dama bakinku ɗaya, ku da su." Na ce, "Kakanka da nawa ayari ɗaya suka biyo. In bakin ne, da kai ma ɗaya ne."

Bayan nan na koma Uhudu ni kaɗai, bayan la'asar. Na ce wa Faisal ina son magana da Hajiya. Ya sunkuyar da kai. Ashe ba ta ma san ƙarar tana nan ba. A wurinmu ba a kai wa mai takaba labarin tashin hankali, shi kuma ya riƙe wannan har ya kusa jawo mata 'yan sanda.

Na tsaya a bayan ƙofarta na yi sallama. "Hajiya, Usman ne na unguwar Anbariyya, ɗan Malam Bukari. Ya ƙarin haƙuri?"

"Da godiya. Usman na mahkama? Me ya kawo ka?"

Na faɗa mata komai, daki-daki, ban rage ba. 

"A ɗakin nan ya cika," ta ce. "A nan na fara, a nan zan gama. Haka uwata ta yi. Ba na kwana a wani wuri, ba na wuni a wani wuri."

"Ban ce ki fita ba, Hajiya. Labule nake roƙo."

"Labule kawai? Kai Faisal! A kan labule ka shanya dattawa a rana?" Sai ta sassauta murya. "Yaran Salihu har yanzu a jikin bangon suke kwana?"

Na ce e.

"To gobe da safe."

Da safe 'yarta ta ɗaura igiya daga taga zuwa ƙusa, ta rataya zanen gado, suka zauna a baya. Muka yi sallama muka shiga, idonmu a ƙasa. Muka naɗe darduma, muka ɗaga murfi, injiniya ya zura fitila. Babu sabon siminti ko kaɗan. Amma ga tsaga nan doguwa, a ɓangaren gidan Salihu, ruwa yana bi.

Faisal ya matso kusa da kunnena. Ranar ya fara yi mini Hausa. "Baba Usman, ka rubuta da sauƙi. Marayu ne mu."

"Mutuncin mahaifiyarka na zo karewa, na kuma kare," na ce. "Tsagar nan ba tawa ba ce balle in ɓoye."

Daga bayan labule ta ce, "Rubuta abin da ka gani, Usman. Kada haƙƙin maƙwabci ya bi Malam kabari."

Na rubuta. Na fita na karanta wa Salihu a bakin titi. Da na kai wurin da na ce babu alamar gyara, ya kawar da kai. Kafin ranar jalsa an zuƙe hazzan, an kawo magini. Zaman bai daɗe ba.

Abin da nake so ku riƙe shi ne, ba duk mai tare ƙofa ne ke ɓoye hujja ba. Wani akwai abin da yake karewa. Ku nemo abin, ku kare masa shi, ku rage wa mai nema abin da ya wuce ƙararsa. Amma in an buɗe, alƙalaminku ba shi da ɗan'uwa. Ni dai tun daga ranar har na yi ritaya, igiya da zanen gado ba su bar bayan motata ba.