Makin Umma a Saman Allo

Babanmu gyaran tsofaffin injinan gem yake yi, irin masu tsayin mutum ɗin nan da sai an jefa musu kwabo suke tashi. Duniya ta koma waya tun yaushe, shi kuwa yana nan a shagonsa da ƙarfen narka dalma, tabarau a karan hanci, rabin jikinsa cikin akwatin katako yana faɗa da kashin ɓera. Injiniya ake ce masa. Shi ya raɗa wa kansa, mu dai muka bi.

A ƙuryar shagon akwai injin da ba na sayarwa ba, na harbin jirage. In an kunna shi yakan jera gwanaye goma da makinsu. Tara na ƙasa duk Baba ne. Na ɗaya kuwa haruffa uku ne na sunan Umma, maki 88,470, tun tana amarya da ta kawo masa abinci ta ce bari ta ɗan taɓa. Shekara talatin yana cewa sa'a ce kawai, wai ranar sandar tuƙa jirgin ce ta yi laushi. Ita kuma in sun saɓa ba ta doguwar magana, sai ta ce ya je ya duba allo.

Bara ciwo ya taɓa mata hannun dama, ko cokali da ƙyar take riƙewa. Ana haka ɗan batirin da ke riƙe da sunayen ya fara yoyo. Duk mai gyara ya san sai an jona sabo kafin a cire tsoho, kuma Baba ya koya wa mutane wannan ya fi sau ɗari, da gadara ma. Ranar da ya zo canza nasa, yana tsaka da ba ni labarin shirmen masu gyaran zamani, ya fincike tsohon. Da ya kunna, allo fes, ba kowa.

Wallahi tausayinsa ya kama ni, don mun san Umma ba za ta sake buga wannan makin ba. Ya ce in rufa masa asiri.

Washegari ya tsaya gaban injin. Na ɗauka wata guda zai yi yana fama. Ina! Kafin shayinsa ya huce ya haye dubu tamanin da takwas. Sai ya saki sandar, ya harɗe hannuwa, ya bari aka harbe jirginsa, ya rubuta haruffanta. Sannan ya cike tara na ƙasa da nasa, kowane zagaye yana saki da wuri. A nan na gane abin da malamin nan ya shekara talatin yana yi.

Da Umma ta leƙo shagon bayan mako, ta daɗe tana kallon allon.

"Injiniya, nawa da saba'in ya ƙare, ba casa'in ba. Ka yi mini gyara."

Baba ya hau kame-kame, wai injin ne ya tsufa, lissafi yake ruɗe masa.

"Bar wahalar da kanka," in ji ta. "Tun da can ina ganinka kana sakin sandar."

Ta ɗaga hannun mai ciwon da na hagu, ta ɗora a kan sandar, ta ce ya jefa kwabo, ya tsaya kusa ya riƙa danna mata harbin.