Kawu Dogo Ba Ya Miƙa Kaya

Duk wanda ya zauna da Kawu Dogo a Umbadda, unguwarmu a Omdurman, ya san bai taɓa miƙa wa mutum abu hannu da hannu ba. Ka ce ya ba ka cokali, sai ya ɗan rusuna, ya riƙe shi da hannu biyu tsakanin gwiwoyinsa, ya wurgo maka daga ƙasa. Ni 'yar ƙanwarsa, da riƙonsa ya faɗo kaina, Allah kaɗai ya san kofunan shayin da na share.

Duk laifin wani Ba'amurke ne, tsohon ɗan ƙwallon kwando da ya zo Omdurman koyar da samari lokacin Kawu yana saurayi, ya koya musu jefa ƙwallo a kwando daga ƙasa. Kawu ya haddace rayuwar mutumin fiye da sunayen jikokinsa: garuruwan da ya buga wa wasa, motar kayan da yake tuƙawa idan an tafi hutu, gwiwar da ta raba shi da fili.

Na ce, "Kawu, shi ya ma san kana duniya?"

"Ya taɓa ce mini na iya."

"Sau ɗaya!"

"Ke sau nawa kika faɗa?"

Ranar ɗaurin auren 'yata aka ce a miƙa wa liman dabino. Kafin a tare shi, Kawu ya rusuna. Dabino ya sauka tsakiyar rawanin liman. Mutane suka ɗauki salati, Kawu kuwa ya waiwayo: "Ya shiga ko bai shiga ba?"

Da yaƙi ya iso unguwarmu, maƙwabta duk suka watse. Da ƙyar na samo raksha, keken hayan nan mai ƙafa uku, direba yana ta zufa, ana jin harbi ta bayan kasuwa. Kawu ya zauna a tsakar gida ya harɗe.

"Ɗan wasa ba ya barin fili sai koci ya kira shi."

Wallahi na gaji. Na ce, "To yau ni ce kocin. Fito!"

Ya miƙe tsaye. Sannan ya ce, "Kalas, shi ke nan," ya shiga rakshar, ƙafafunsa a waje.

A Jabal Awliya muka raɓe gidan dangi. Gadonsu ya yi masa gajere, sai an tara masa bokiti a ƙarƙashin diddige. Kullum yana mita wai na ajiye shi a benci. A kan gadon nan ya cika, bai sake ganin Umbadda ba.

Ya Allah, ni dai na fito da shi da ransa, iyakar ƙarfina ke nan. Ka yafe masa, ka yalwata masa kabari, ya samu inda zai miƙe ƙafafun nan. Amin.