Gwangwanin Mildred a Firijin Mama Tamar

Ranar Laraba ce, cikin watan Satumba. Da ƙarfe biyar da rabi na ji 'yata Mildred tana jan ruwa a rijiya, guga biyu kamar kullum, sai dai ta tsaya ta sha daga na farkon kafin ta juye. Ƙarfe shida muka yi addu'ar safe mu uku, ni da ita da mahaifiyarta Caroline. Shida da rabi ta dama kunun acca, ta zuba cokali ɗaya na koren garin da nake yi mata. Bakwai saura kwata ta ɗauki jaka. Duk wanda zai tari acaɓa daga gidanmu a Kafanchan, ta gaban shagon Mama Tamar yake wucewa. Ita ta bi ta bayan gida. Na ɗauka taɓo take gudu.

Biyu da rabi ta dawo daga makaranta, ta ci paten acca da yakuwa. Huɗu da rabi, awa biyu cif bayan abinci, na leƙa ɗakinta na tambaye ta nawa sugan ya nuna.

"Ɗari da arba'in, Baba," ta ce, ba ta ɗago daga littattafan yaran da take makin ba.

Na rubuta a kalanda. Ƙarfe shida ta tafi koyon waƙa a coci da gorar ruwa biyu. Da ta dawo ta ce ta gaji, ta kwanta ba ta ci tuwo ba. Ranar ke nan.

Shekarunta ashirin da shida. Tana koyar da aji uku a wata firamare a hanyar Madakiya, kuma a jakarta akwai allura da zare kullum, don ɗinke maɓallan yara. Ciwon suga ya kama ta tana da shekara goma sha uku, irin wanda ba a rayuwa da shi sai da allurar insulin safe da yamma. Ba ta son a tausaya mata. Idan aka ce sannu, sai ta nuna yatsunta da tsini ya huhhuda, ta ce nan gaba da su za a riƙa tankaɗen gari.

Insulin yana son sanyi, wutar unguwarmu kuwa sai ta yi kwana huɗu ba ta leƙo ba. Da farko a tulu muke ajiyewa, cikin jiƙaƙƙen yashi. Daga baya Mama Tamar, shugabar zumuntar mata a cocinmu, ta sayi firiji mai sola don kunu da zoɓon da take sayarwa, ta ba Mildred lungu ɗaya a ciki. A wani tsohon gwangwanin madara kwalaben suke zama. Shekara bakwai Mildred tana zuwa shagon sau biyu a rana, ta shige bayan labule ta yi allurarta. Mama Tamar takan ce ga kwastomarta da ba ta taɓa sayen ko ashana ba. Mildred ta amsa cewa ai ita ke jawo wa shagon albarka.

Ganyen sha'ir ni na kawo shi gidan. Aikin gona na karanta a jami'a, na yi shekara talatin da ɗaya ina malamin gona. Na ci karo da wani rahoto da ke cewa zaren da ke cikin ɗanyen ganyen, wanda ciki ba ya narkarwa, yana iya rage saurin hawan suga bayan cin abinci. Wani tsohon abokin aikina ya aiko mini da mudu ɗaya na iri daga Filato. Na shuka a baho shida ƙarƙashin rumfa. Idan ya kai tsawon tafin hannu sai in yanka, in shanya a inuwa, in daka, in tankaɗe. Cikin wata biyu lambobin kalanda suka sauko daga sama da ɗari biyu zuwa ɗari da sittin. Na gaya wa Mildred cewa garin jinkirta suga kawai yake yi, ba ya maye gurbin allura. Sau ɗaya na faɗa. Na ɗauka mai ilimi irinta sau ɗaya ya ishe ta.

Caroline ta yi shekara goma sha uku tana addu'a a kan abu ɗaya. Ba na ganin laifinta da ta karanta kalandar yadda ta karanta ta. Ranar Lahadin da ta gabaci waccan Larabar, lokacin ba da shaida, ta tashi ta kira Mildred gaban jama'a, ta ce Ubangiji ya warkar da 'yarta ta wurin ganye. Mata suka rangaɗa guɗa. Mama Tamar ta fito da rawa, ta cire gyalenta ta yafa wa Mildred. Ina zaune a benci na uku, ɓangaren maza. A wurinmu ba a gyara wa mutum shaida. Wanda ya yi haka ya kunyata matarsa, ya kuma nuna yana shakkar aikin Allah. Na ce sai mun koma gida. A gida masu zuwa barka suka cika falo har yamma. Litinin na tafi gonar citta a Kagoma. Talata na ga Mildred tana dariya, sai na bar maganar.

Ranar Alhamis ta tashi da amai. Muka ce zazzaɓin sauro ne, aka sayo magani a kemis. Juma'a da hantsi numfashinta ya koma dogo mai nauyi, bakinta yana wari kamar ruɓaɓɓen mangwaro, muka kai ta asibiti. Likita ya tambaye ni yaushe ta yi allura ta ƙarshe. Na ce jiya da safe, ko shakka babu. Mama Tamar tana tsaye a bayana.

"Baban Mildred," ta ce a hankali, "tun Lahadi da safe ba ta taɓa gwangwanin ba."

A barandar asibitin ta ba ni sauran labarin. Litinin da safe Mildred ta zo shagon, ta tarar da matan zumunta uku a zaune. Mama Tamar ta tare ta da wasa: "A'a, Malama, me kuma kina nema? Ba jiya mun yi godiya ba?" Matan suka yi dariya, Mildred ma ta yi. Ta ɗan tsaya, ta sayi ashana kwali ɗaya, ta tafi. Ba ta sake bin ta gaban shagon ba.

Ta rasu ranar Asabar, sha ɗaya da minti ashirin na safe.

Bayan jana'iza na kunna na'urar gwajinta, wadda ke ajiye sakamako. Gwajin Laraba, ƙarfe huɗu da rabi, ba lamba ya nuna ba. Sugan ya wuce abin da na'urar ke iya ƙirgawa. Ban goge abin da na rubuta a kalanda ba.

Kayan sawarta Caroline ta raba wa 'ya'yan ƙannenta. Rigar mawaƙa an mayar coci. Littattafan aji uku na kai wa hedimasta da kaina, bayan na ƙarasa makin guda goma sha ɗaya da suka rage. Na'urar na ba wata nas ta ba wanda ba shi da ita, tare da kwalaben insulin biyu da Mama Tamar ta kawo a cikin kula mai ƙanƙara. Gwangwanin ta roƙa a bar mata, yana nan a lungunsa ba komai a ciki. Bahunan sha'ir na daina ba su ruwa, awakin maƙwabta suka cinye abin da ya rage. Ashanar tana cikin jakar makarantar, kusa da allura da zare, kuma jakar tana rataye a ƙusar da ta saba rataye ta.