Tukwanen Inna da Birkin Ruwan Sabulu

A shekarun da kuɗin mai suka shigo ƙasar nan, babu abin da ya cika titin Wudil kamar manyan motoci. Siminti, kwanon rufi, buhunan shinkafa, duk ta gabanmu suke wucewa, kowa kuma ya ɗan samu sai ya ce mota zai saya. Kawuna, yayan mahaifiyata, bai yarda a bar shi a baya ba. Ya sayar da shanunsa da gonarsa ta Achika, ya tafi Kano ya dawo da gingimari mai bodin katako, wadda ta riga ta sha wuya a hannun wasu.

Ranar da ta iso, ba wanda ya yi aikin kirki a unguwarmu. Mata na leƙe ta kan katanga, tsofaffi na shafa ta suna sa albarka. Ni a lokacin ina hutun kwalejin horon malamai, har na fara tara gemu, amma sai da na hau na murɗa sitiyari ina dariya ni kaɗai. Kawu ya ɗauko mai fenti ya zana ɗawisu a baya, zaki a kowace ƙofa, aka sa madubai da hon mai kiɗa. Da bakanike ya ce bututun man birki yana yoyo, a canja shi, sai Kawu ya ce a bari tukuna, wa yake ganin bututu?

Direban da ya ɗauka tsohon hannu ne, mai fara'a. Kowace safiya sai ya kaɗa sabulu da ruwa a gwangwani, ya ɗura a mazubin man birki. Na tambaye shi ko hakan ba matsala.

"Malam," in ji shi, "motocin nan da kake gani a titi, da yawansu da wannan suke tsayawa."

Inna kuwa maginiyar tukwane ce, randarta ta yi suna wajen sanyaya ruwa. Tun tasowata 'yan sari ke zuwa ƙofar gida su kwashe kayanta a jakuna, su kai Kano su sayar kamar su suka gina. Abin yana ci mata rai. Da motar yayanta ta zo, sai ta ce bana kayanta da kansu za su shiga birni, ɗanta na tsaye a kansu. Duk ranin nan ta yi shi tana kwaɓa yumɓu tana gini tana gashi, duk ɗan sarin da ya yi sallama ta ce a ba shi haƙuri. Randuna da tuluna da tukwanen miya suka cika tsakar gida, har sai mutum ya karkace yake wucewa.

Kawu ne ya zaɓi ranar Juma'a, ranar kasuwa, don jama'a su ga motarsa da lodi. Da hantsi aka gama jera kaya cikin ƙaiƙayi da ciyawa, Inna na tsaye tana gyara zaman kowace randa da hannunta. Muka shiga gaba mu uku, direba da ni da Kawu cikin babbar riga sai ƙamshin turare yake. Inna ta biyo mu a ƙasa har bakin titi. Daɗin da na ji a ranar ban san yadda zan faɗe shi ba. Direba na danna hon, mutane na ɗaga hannu, Kawu na amsa gaisuwa ta taga kamar wanda ya dawo daga Makka.

Daga cikin gari titin gangara yake yi zuwa gada. Muna fara sauka na ga direba ya taka birki, ƙafarsa ta tafi har ƙasa ba abin da ya tare ta. Ya ɗaga ya sake takawa, ya sake, ya sake. Ya kai hannu giya, ta yi ƙara ta ƙi shiga. Motar kuma sai ƙara gudu take. Na duba gaba, gadar a cike take maƙil: garken shanu za a kai kara, wato kasuwar dabbobi, mata da ƙoren nono a ka, masu kekuna.

"Me ya faru?" in ji Kawu.

"Alhaji, birki ya tafi. Ku riƙe da kyau."

Kawu ya kama salati, ni na rungume ƙarfen gabana. Hon ɗin nan mai kiɗa direba ke ta dannawa, mutane kuwa sun ɗauka gaisuwa ce, wasu har ɗago mana hannu suke. Daf da bakin gada ya murɗe sitiyari da duk ƙarfinsa, muka bar titi muka bi hanyar da masu ɗiban yashi ke sauka kogi. Motar ta yi tsalle, ta dira, ta sake tsalle. A bayanmu ina jin kayan Inna suna fashewa ɗaya bayan ɗaya. Tayoyin gaba suka nutse cikin yashi, motar ta karkata a hankali ta kwanta a gefenta, lodin gaba ɗaya ya zube da ƙara irin wadda ban sake jin kamarta ba.

Masunta ne suka zaro mu ta taga. Ni goshina ya fashe, direba ya gurɗe hannu, Kawu ko ƙwarzane babu. Jama'a suka cika wurin ana ta hamdala, ana kama hannun direba ana yi masa barka. Ni ma sai dariya nake, ina ba kowa labarin birkin ruwan sabulu tun kafin ya tambaya. Kawu ya zagaya baya yana duba ko ɗawisunsa ya goge, kuma har yau in na tuna wannan sai raina ya ɓaci.

Can na hango Inna tana gangarowa ba takalmi. Ta ratsa mutane ta tsaya a gabana, ta dubi goshina, ta ɗaga hannuwana ɗaya bayan ɗaya ta ga suna motsi. Sannan ta juya ga kayanta. Tsingaro ne jajir ya rufe yashi har bakin ruwa. Ta tsuguna ta ɗauki bakin wata randa, ta jujjuya shi, ta ajiye.

Kawu ya matso ya ce, "Ki yi haƙuri, ƙaddara ce."

"Na yi, Yaya," ta ce. "Amma da ka gaya mini ruwan sabulu zan ɗora wa aikin shekarata, da na kira masu jakuna."

Ta miƙe ta kama hanyar gida. Bayan sati aka ja motar aka gyara, aka sa sabon bututu, ta yi shekaru tana jigila. Kawu ya sha aiko wa Inna cewa in ta tara kaya zai kai mata kyauta. Kullum sai ta ce a gode masa. Da rani ya zagayo ta aika wa 'yan sari cewa su dawo, suka dawo kuwa, suna taya kaya yadda suka ga dama, tana sallamawa. Har ta rasu ba ta sake maganar kasuwar Kano ba.