Ramin da Iya Ta Ce Yana da Ɗumi

A Karare aka haife ni, ƙasar Batsari. Ina yaro, lokacin da Turawa ke yaƙinsu, aka ɗebi maza aikin haƙar kuza a Jos, har da Babana. Ya dawo bayan an tone gyaɗa, da yagaggen bargo da tari. Jiki dai ya dawo. Amma mutumin da ke ɗora ni a wuya mu tafi kasuwar Wagini, ban gan shi ba. In na gaishe shi, kai kawai yake ɗagawa. Abin ya yi mini zafi ƙwarai, don ubana nake so, ga shi kuma a gabana.

Kakata, Iya, ita ta haife shi, shi ne kuma ɗanta na fari. A wurinmu uwa ba ta kama sunan ɗan fari, balle ta zaunar da shi ta ce me ke damunka. Ranar da ya iso ma, kallo ɗaya ta yi masa ta ci gaba da kaɗin audugarta. Ni da ƙuruciya na ɗauka ba ta damu ba.

Da an yi isha'i mukan kewaye wutar kara a ƙofar ɗakinta, muna gasa gyaɗa a toka. Ni take fara tsokana: "Maigidana, yau ma ba cefane, sai baki?" Sannan ta ce, "To, ga ta nan ta tafo, wa zai ba ta wuri?"

Tatsuniyar Tanko muka fi so. Fari ya cinye irin garinsu, aka ce sai an shiga ramin da ke ƙarƙashin dutse, inda dodo ke kwance kan gero. Tanko ya ɓuya a rumbu don tsoro, daga baya kunya ta fito da shi. A mararraba ya sauke wa wata tsohuwa itace, ta nuna masa hanya. Ya shiga ramin, ya sha wuya, ya fito da zangarniya ɗaya. Mun haddace ta tsaf, kuma kullum ramin nan duhu ne da sanyi.

Ran nan Baba na jingine da rumbu, inda hasken wuta bai kai ba, tunda babban mutum ba ya zaman tatsuniya. Iya ta kawo Tanko bakin rami, sai ta ɗaga murya.

"Da Tanko ya shiga, sai ya iske ɗumi kamar ɗakin mai jego. Ƙasa busassa, ga tabarma, ga fura an dama mashi."

Muka yi caa, muna cewa ba haka take ba. Ta ce mu yi mata shiru, ta ƙara da cewa har barci ya yi ya more.

"Inna, ba haka rami yake ba."

Muryar Baba ce. Gyaɗar da ke hannuna ta faɗi cikin toka.

"Ruwa ne har gwiwa. Sanyi shina shiga ƙashi. Kana ɗauke da kwanon ƙasa, na gabanka ya faɗi, ba ka da ikon tsayawa."

Iya ba ta dube shi ba. Mazarinta ta murza, ta ce da mu, "Ni na taɓa zuwa? Ku matsa wa wanda ya sani."

Muka matsa, ya zo ya zauna kusa da ni. Ya faɗi na Tanko, ya faɗi nasa, har ba mu iya rabe su. Ya kira sunan abokinsa da aka binne can, ya yi kuka a gabanmu. Da ya natsu na ce, "Baba, to ka samo geron?" Ya yi dariya har tari ya sarƙe shi, ya ɗora hannu a kaina, bai ɗauke ba sai da wuta ta mutu.

Da na girma na yi nawa tafiye-tafiyen, na shiga nawa ramukan. Sannan na gane fita da gamuwa da dodo ba su ne ƙarshen tafiya ba. Mutum kan iso ƙofar gida da ƙafarsa, amma sai an matsa masa wuri an saurare shi yake gama dawowa.

Kafin Iya ta rasu na tambaye ta ko da gangan ta ɓata tatsuniyar. Ta harare ni ta ce, "Tsufa ne, Maigida, mantuwa." Sannan ta ce a hankali, "Ai wancan ya dawo, ko?"