Likitar Gwaggo

Shekarar da soja suka miƙa mulki ga farar hula, ina aiki a wani ƙaramin asibitin kuɗi wajen Ƙofar Na'isa. Aikina ɗaya ne: likita ya gama duba mara lafiya, ya faɗi abin da ya gani a kaset, ni kuma in saurara in buga a tafireta. Ko allura ban taɓa yi wa kowa ba. Amma wa zai gaya wa matan lungunmu? Tunda kullum asibiti nake sammako, shi ke nan na zama likita. Na yi faɗa, na yi rantsuwa, duk a banza.

Gwaggo, ƙanwar babanmu, ita ta fi kowa. Ɗinkin hula take yi ana kai mata kasuwar Kurmi, ga taurin kai na bala'i. Wata Juma'a ta ja ni ɗaki, ta saki labule, ta kama hannuna ta ɗora a nononta na hagu. Ƙullutu ne mai tauri, fatar wurin duk ta motse. Nan take na gane, don na sha buga irin wannan bayanin, kuma na san yadda muryar likita take yin ƙasa in ya zo kansa.

Na ce gobe mu tafi asibiti. Ta ce Allah ya sawwaƙe, da girmanta ta buɗe wa ɗan wani ƙirji? Na ce akwai likita mace a babban asibiti. Ta ce can ma ɗalibai maza ne suke yi wa mutum rumfa a ka.

“Ke da kike ɗauko maganar likitanku, ki kai masa tawa mana,” in ji ta.

Na kai kuwa. Likita ya ce ba a duba mutum da saƙo, in kawo ta. Na yi lallashi, na yi kuka, har tsawa na yi mata, abin da ban taɓa yi ba. Kullum amsarta ɗaya, ai tana da ni. Wallahi na tsani maganar nan.

Sai da wurin ya fashe, hannun ya kumbura ta kasa ɗinki, sannan ta yarda na kai ta wurin likitanmu. Washegari kaset ɗinta ya zo teburina cikin sauran. Likita ya ce an zo a makare, abin ya bazu, sai dai maganin rage zafi. Na tsayar da rakodar, na mayar baya, na sake ji. Sannan na buga.

Da na koma gida na tarar da ɗakinta cike da 'yan dubiya. Tana ganina ta nuna ni da baki, tana murmushi.

“Ku kwantar da hankalinku,” ta ce musu. “Tun farko 'yar nan ce take duba ni.”